DA WANE MUDU A KE AUNA ARZIKIN ƘASA?

Ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a gindin wata tsamiya a Rogo Ruma, cikin ƙasar Karaye, sai gardama ta kaure tsakanin mutum biyu. Ɗaya dattijo ne, manomin masara da rake, haifaffen garin. Ɗayan kuwa saurayi ne Bamaraɗe, wanda ya zo cin rani yana haƙa wa mutane rijiya.

Dattijon ya dube shi ya ce, "Kai yaro, in da ƙasarku da abin kirki, me ya kawo ka nan? Ka taɓa jin mutumin Rogo ya ɗauki buzu ya nufi Maraɗi cin rani?"

Saurayin ya russuna ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Daminarku ta fi tamu tsawo, ƙasarku ta fi tamu laushi. Amma ga jaka guda ta sefa a lalitata, in na ajiye ta bana, baɗi na tarar da ita yadda na bar ta. Taku nairar fa? In ta kwana a aljihu sai a wayi gari ta rame."

Aka bushe da dariya, ko wanne ya sami masu goyon bayansa, murya ta fara tashi. Sai wani malami da ke gefe yana jan tasbaha ya ɗaga kai ya ce, "Ku dakata. Mutum biyu ba su gardamar wanda ya fi hatsi sai sun yarda da mudun da za a yi awo da shi. Ku kawo mudun tukuna."

Wannan magana ta malamin ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Gama gardamar da aka yi a gindin tsamiyar nan ita a ke yi a rediyo da jaridu, ita kuma manyan ƙasa ke yi a majalisunsu: tsakanin Nijeriya da Nijar wace ta fi arziki, wace ta fi saurin ci gaba, mutanen wace suka fi jin daɗi? Muna so mu duba muduna da a ke wannan awo da su, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ya fi wannan nauyi, watau me mu ke nema da awon.

Da fari dai ya kamata mu tuna ko su wane ne a ke gwadawa. Maraɗi ba baƙon gari ba ne. Sa'ad da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa zamansu a Maraɗi, shi ya sa har yau a ke kiran sarkinta Sarkin Katsina. Shekara da shekaru mayaƙan Maraɗi suna kawo hari kudu, ƙasar Katsina da yammacin Kano suna kwana cikin shiri. Kishin ya daɗe ke nan, amma kishi ne na 'yan ɗaki ɗaya. Sa'an nan Ingilishi da Faransi suka zauna can a ƙasarsu suka ja layi a kan takarda, suka yi ta gyara shi daga 1890 har 1906, kana aka bi daji ana kafa turakun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Aka wayi gari wa yana biyan haraji da sule, ƙane yana biya da faranka.

A zamanin nan ba a buga lissafin arzikin ƙasa don talaka ya ji, amma ƙafarsa ta yi masa awo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa biyowa ta Kano kafin ta ga bakin teku. Mutane da yawa suka tsallako daga ƙasar Faransi suna gudun nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi can ba sai a 1946. Ƙasashen biyu suka sami mulkin kai a shekara guda, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960. Ko wace kuma Allah ya binne mata taska a ƙarƙashin ƙasa: an sami man fetur a Oloibiri a 1956, an fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. To, daga nan awo ya koma hannun masu alƙaluma.

Mudunsu na fari shi ne tsibi. Su kan tara kuɗin duk abin da ƙasa ta noma, da wanda ta ƙera, da wanda ta haƙo, da ladan ko wace irin hidima da aka yi cikin shekara guda, su ce wannan shi ne arzikinta. Bisa wannan mudu babu gardama, gama tsibin Nijeriya ya ninka na Nijar wajen sau goma. Amma fa bakunan da ke ci daga tsibin sun ninka na Nijar wajen sau takwas, don mu mun haura mutum miliyan 200, su kuwa ba su kai miliyan 30 ba. Gandun da ke da rumbu goma da baki arba'in ba shi da abin yi wa mai rumbu ɗaya da baki biyar gori sai kaɗan.

Akwai abin da ya faru wanda ya isa ya koya mana hankali game da wannan mudu. A watan Afrilu 2014, hukuma ta sake ƙidayar tsibin. Da ma ana lissafi ne bisa yadda kasuwa ta ke a 1990, sa'ad da babu wayar hannu, sana'ar fim kuma ba ta kai ko'ina ba. Da aka shigar da waɗannan da ire-irensu, sai tsibin ya tashi daga wajen dala biliyan 270 ya koma wajen dala biliyan 510, aka yi shela Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu, ta zama ta fari a duk Afirka. Ba ƙarya aka yi ba, ƙidaya aka gyara. Amma mutanen Rogo sun kwanta, sun tashi an ce arzikin ƙasarsu ya kusa ninkawa, ba kuwa wanda ya leƙa rumbunsa ya tarar da ƙarin dami ɗaya. Bayan shekara huɗu, a 2018, masu bincike suka ƙiyasta mutum wajen miliyan 87 na cikin matsanancin talauci a Nijeriya, har ta wuce Indiya a wannan ƙidaya. A lokacin nan ƙasa guda ce ta fari a tsibi a Afirka, ta fari kuma a yawan matalauta.

Mudu na biyu shi ne sauri, watau nawa tsibin ya ƙaru daga bara zuwa bana. A nan sai magana ta juya. A 2024 tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da fiye da kashi 8 cikin ɗari, na Nijeriya kuwa kashi 3 da 'yan kai. Bamaraɗe na iya bugun ƙirji da wannan. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, mai akuya guda in ta haifi tagwaye dukiyarsa ta ninka uku, mai shanu ɗari in ya sami maruƙa biyar ƙarinsa kashi 5 ne kurum, duk da haka ba mai cewa mai akuya ya fi shi. Na biyu, a tambayi inda saurin ya fito. Yawancinsa daga mai ne, gama a shekarar ne aka fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a ƙasar Binin. Bututu kuwa ba ya ratsawa ta cikin tukunyar kowa. Sai an sayar da man, kuɗin ya shiga baitulmali, masu riƙon amana sun mai da shi rijiya da makaranta da magani, kana talaka ya san an yi.

Mu mutanen Nijeriya mun fi kowa sanin wannan. Cikin shekarun 1970 kuɗin mai ya kwararo, a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, amma a cikin shekarun nan ne dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, ƙasar da ke sayar wa duniya amfanin gona ta koma sayen abinci daga waje. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana, don kuɗin yuraniyom ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980, aka bar su da bashi. Arzikin da ya fito daga rami ɗaya, ranar da ramin ya yi gardama ƙasa duka ta kan yi zazzaɓi.

Mudu na uku shi ne a raba tsibin bisa yawan mutane, a ce ga rabon ko wane kai. Wannan ya fi na baya kusa da gaskiya. Bisa gare shi rabon ɗan Nijeriya ya haura dala 3,000 a 2014, amma a 2024 ya faɗo wajen dala 1,000, na ɗan Nijar kuwa bai kai dala 800 ba. Tazarar da ta ke kamar tsakanin doki da jaki ta koma kamar tsakanin jaki da ɗan'uwansa. Babban dalili shi ne faɗuwar naira, musamman bayan an janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa. Jakar sefa da a ke canzawa wajen naira 330 a 2014 ta haura naira 2,000 a 2024. Ashe saurayin nan mai haƙar rijiya ba da ka ya yi magana ba.

Duk da haka wannan mudu ma yana da rami a gindinsa. In attajiri mai shanu ɗari ya zauna a tabarma ɗaya da almajirai tara, lissafi zai ce ko wannensu na da shanu goma, alhali kuwa tara daga cikinsu ko kaza ba su da ita. Rabon da a ke faɗi na ɗan Nijeriya an gauraya shi da bankunan Ikko da rijiyoyin mai na bakin teku. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilmi da muhalli, ta sami mutum miliyan 133 a ciki, watau kashi 63 cikin ɗari, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa su ke, a Jihar Sakkwato kuwa wajen mutum tara cikin goma. Saboda haka in mutumin ƙauyen Kano ko Katsina ya yi wa mutumin ƙauyen Maraɗi gori da arzikin Ikko, ya daka rawar wani ke nan. In za a yi gwaji na adalci, ƙauye a ke gwadawa da ƙauye.

To, saura mudu na huɗu, wanda mu a ganinmu shi ne na gaskiya, shi ne akushin talaka. Tambayoyinsa ba su da wuya. Sau nawa a ke ɗora tukunya a gidan wanda ya fi kowa rashi? Cikin yara goma da aka haifa, nawa ke kai shekara biyar? In mace ta zo haihuwa da dare, ina za a kai ta? Yaro ya iya karanta wasiƙar ubansa? Manomi na iya kwana a gonarsa ba fargaba?

In aka yi awo da wannan, sai girman kai ya sauka ko ta wane gefe. Nijeriya ta yi gaba a waɗansu abubuwa ba shakka. Wajen mutum shida cikin goma na da wutar lantarki a nan, a Nijar kuwa wajen biyu ne. Makarantu da hanyoyi sun fi yawa a nan, ruwan sama ma haka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kan jera ƙasashe bisa lafiya da ilmi da abin hannu, a jerin 2018 da 2019 da 2020 kuwa Nijar ce ta 189 cikin 189. Amma ga abin da zai ba mai gori kunya: bisa ƙiyasin Majalisar nan, jaririn da aka haifa a Nijar a 2023 ana sa ran ya yi shekara wajen 61 a duniya, wanda aka haifa a Nijeriya kuwa wajen 54. A ƙasashen biyu duka, fiye da yaro ɗaya cikin goma ba ya kai shekara biyar, suna cikin na ƙarshe a duniya a wannan fanni. A watan Disamba 2024 tsadar kaya a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Kuɗi mai tsayawa wuri ɗaya kuma ba shi ne ƙoshi ba, gama a yunwar 2005 kasuwannin Maraɗi na da hatsi, yara na ramewa a ƙauyuka don iyayensu ba su da abin saye. Wane ne a cikin biyun nan zai ɗaga kai ya yi dariya? Gurgu biyu ne ke gardamar wanda ya fi gudu.

Wannan ya kawo mu ga ainihin tambayar. Me ya sa zuciya ke so a ce mun fi maƙwabci? Mun duba mun ga mai gwada kansa da wani ɗayan uku ya ke nema: ko ya yi fahariya, ko ya yi hassada, ko ya koyi wani abu. Biyun farko ba su ƙara ko ƙwayar gero a rumbu. Mai fahariya ya kan daina gyara don yana ganin ya isa, mai hassada ya kan bar gonarsa ya zauna yana ƙirga dammunan wani.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Gwaji da maƙwabci ya kan zama bargon da masu mulki ke rufa da shi. In talaka ya yi kukan tsada, sai a ce masa ya gode Allah, ai ya fi na ƙetaren iyaka. A can ma in ya yi kuka, sai a nuna masa faɗuwar naira, a ce ya ga abin da ya sami manya. Lalle godiya ga Allah wajiba ce a kan ko wane hali. Amma godiya ga Mai bayarwa daban, bin ba'asin wanda aka ba amana daban. Wanda aka damƙa wa rumbun gari, in aka tambaye shi ina hatsi, ba amsa ba ce ya ce rumbun garin gaba ya fi wannan zama wayam. Malamai sun sha yi mana kashedi a kan tauye mudu a kasuwa. Mu kuwa muna ganin wanda ya zaɓi mudun da zai fid da shi kunya, ya ɓoye wanda zai tona shi, shi ma ya tauye awo, ko da duk alƙalumansa daidai ne.

Wani zai ce, to, a bar gwaji ke nan, kowa ya ji da kansa? A'a. Manomi biyu masu gona iyaka ɗaya, in ɗaya ya ga dawar ɗan'uwansa ta fi tasa duhu, ya tafi ya tambaye shi irin da ya shuka da takin da ya sa, wannan gasa ce mai albarka. Kishin ƙasa abin yabo ne in ya sa mutum jin kunyar abin da ƙasarsa ta gaza. Ɗan Nijeriya ya tambaya, yaya ƙasar da ba ta kai mu kuɗi ba mutanenta suka fi mu tsawon rai? Ɗan Nijar ya tambaya, yaya aka yi maƙwabcinmu ya fi mu kai yara makaranta da wuta ƙauye? Ko a nan gida ma haka ne. Ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992. Mai mudun tsibi zai faɗi girmanta ya yi shiru. Mai mudun akushi zai tambaya gona nawa ta shayar da rani, saurayi nawa ta hana tafiya cin rani.

Abu na ƙarshe da masu gori ke mantawa shi ne, rumbun ƙasashen nan biyu bango ɗaya gare su. Raguna da shanu da wake na gangarowa kudu ta Jibiya da Illela da Maigatari, masara da dawa na hawa arewa daga kasuwar Dawanau, a ciki har da wadda aka noma a ƙasar Rogo. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyaka a 1984, ga fari ya zo, yunwar da aka yi a Nijar har suna aka sa mata El-Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, ba a janye ba sai a watan Fabrairu 2024. Wa ya ji a jikinsa? Mutanen Maraɗi da Damagaram sun sha duhu da tsadar magani, amma fatake da direbobi da 'yan dako na Jibiya da Illela su ma sun zauna hannu rabbana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hanyar jirgin ƙasa mai kilomita 284 da aka aza harsashinta a 2021 don ta haɗa Kano da Maraɗi, amfaninta ya rataya ne ga a sami masu abin saye da sayarwa a duka bakin biyu. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya murna da tsiyar mai sayen kayansa.

Saboda haka, jama'a, duk ran da kuka ji an buga wani adadi ana cewa mun fi wane, ko wane ya fi mu, ku yi tambaya uku. Da wane mudu aka auna? A hannun mutum nawa abin ya ke? Me ya canza a akushin wanda ya fi kowa rashi a unguwarku? In mai maganar ya amsa, ku saurare shi. In ya kauce ya koma zagin maƙwabci, ku san akwai abin da ba ya so ku leƙa.

Su kuwa mutanen gindin tsamiya, ba su rabu da shiri a kan wace ƙasa ta fi ba. Da aka kira magariba dattijon ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wa saurayin, "In an idar ka biyo ta gida ka ci tuwo, gobe kuma ka duba mini rijiyar nan, ta fara ja da baya." Saurayin ya ce, "To, Baba, Allah ya kai mu."

Allah ya ba shugabannin ƙasashen biyu ikon riƙon amana, ya ba mu damina mai albarka, mu da su baki ɗaya, amin.